Motar lantarki da tambayar Kawu

Ɗazu da yamma na kai Kawu unguwar Barnawa a nan Kaduna ya ga motar lantarki ƙirar BYD Atto 3 ta wani abokina, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake tunanin sayen irinta. Ina ta nuna masa allon da ke juyawa da kyamarori, shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Sai ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Ɗana, a nan batirin yake? To ranar da ruwan Agusta ya cika titin unguwarku fa? In kuma ya samu matsala, wane bakanike ne a Panteka zai taɓa shi?"

Gaskiya jikina ya yi sanyi. A takarda batirin kilowat-awa 60 ne, caji ɗaya kilomita 420, daga nan zuwa Abuja kuwa kusan kilomita 200 ne kawai. Amma lissafin gwajin Turai ke nan. A kunna na'urar sanyaya mota cikin zafin Afrilu, a taka gudu a babbar hanya, dole nisan ya ragu. Cajar gida mai kilowat 7 kuma sai ta ci kusan awa tara kafin ta cika shi, mu kuwa layin wutarmu ba Band A ba ne, wato rukunin da ya fi samun wuta, solar gidan ma firiji da fanka kawai take ɗauka. Kafin in biya ko kwabo, sai na ji garantin batirin na shekara nawa ne, kuma wa zai tsaya min a kai a nan Kaduna.