Filin da muka je dubawa a bakin kogin Densu

A watan Maris da ya wuce, kafin damina ta kankama, yayana ya nemi in raka shi duba wani fili da ake sayarwa a bakin kogin Densu, can sama da madatsar ruwa ta Weija da ke yammacin Akra, babban birnin Ghana. Ya daɗe yana zaman haya a Sabon Zongo, shi da iyalinsa a ɗaki biyu, saboda haka ban ga laifinsa ba da farashin ya kwanta masa a rai. Dillalin ya baje mana taswira a kan mota, ya nuna layin gidaje, da layin shaguna, da wurin wankin mota, sannan ya miƙa hannu wajen ciyayi da itatuwan da ke gaɓar ruwa ya ce duk wannan daji ne da za a share. Turakun iyakar fulotan ƙarshe ba su wuce 'yan taku daga ruwan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ruwan da muke kallo a wannan rana shi ne wanda ke fitowa a famfon gidan da yayana ke haya. Densu yana tasowa daga tsaunukan Atewa, ya ratso ta Nsawam, ya yi tafiyar kusan kilomita 116 kafin ya faɗa teku. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka tare shi a Weija, kuma daga nan ne kamfanin ruwa na ƙasa ke tace abin da yammacin Akra ke sha, har zuwa Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali.

Dajin da dillali ya raina aiki yake yi dare da rana ba tare da an biya shi ba. Saiwoyin itatuwa ne ke riƙe ƙasar gaɓa, ciyawa kuma ita ke rage wa ruwan sama gudu, ta tare laka da datti kafin su kai kogi. Idan aka share ta aka zuba siminti da kwanon rufi, ruwan da ya kamata ƙasa ta shanye sai ya kwararo gaba ɗaya, ya kwaso jar ƙasar wuraren gini, da baƙin mai, da kumfar sabulun wankin mota, da leda. Lakar tana kwanciya a gindin madatsa, a hankali tana cinye wurin da ruwa zai zauna, ta yadda tafkin zai cika da wuri a damina, ya kuma ja baya da wuri da rani.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani, kuma ita ce ta fi damuna. Yawancin unguwannin Akra ba su da bututun kwashe bahaya na gari. Kowane gida ramin masai yake haƙawa. A tudu hakan yana da sauƙi, amma a bakin kogi, inda mutum zai haƙa kaɗan ya tarar da ruwa, abin da ke cikin ramin yana tsatsafowa ya haɗu da ruwan ƙasa, daga nan ya bi zuwa kogi ko zuwa rijiyar maƙwabci. Gida ɗaya ba zai nuna ba, amma gida ɗari biyu da shaguna za su nuna. Ƙazantar nan taki ce ga gansakuka, sai ruwan tafki ya yi kore, ya ɗauki wari, wurin tace ruwa kuma ya ƙara yawan alif da kilorin da yake zubawa. Kuɗin wannan magani ba mai sayar da fili ne zai biya ba. Matar da ke bin layi da jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda muke kira galan ɗin Kufuor, ita ce za ta biya, ko da kuɗi ko da lafiyar 'ya'yanta. Wanda ya ga kwalarar 2014 a wannan birni ya san abin da nake nufi.

Ƙasa da madatsar kuma matsalar ta juya fuska. Idan tafki ya cika dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba bangon kansa zai shiga haɗari, kuma ruwan yana bin hanyarsa ta asali ne, wadda yanzu ta cika da gidaje. A watan Oktoba na 2022 mun ga yadda aka riƙa fito da mutane a kwalekwale a Tetegu da Oblogo. Inda Densu ke bajewa kafin ya shiga teku an sa shi cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa ke karewa tun 1992, kuma akwai masunta da mata masu tsintar kawa da ke ci daga wurin, amma ana ta cike gefensa da ƙasa ana kafa tubali.

Ba sai mun yi hasashen ƙarshen irin wannan tafiya ba, domin Odaw yana nan a tsakiyar gari. Kogi ne da aka matse da gini har ya koma kwata, yana karɓar dattin babbar kwatar Nima da Mamobi, yana zubewa a tafkin Korle da kifi ya ƙaurace wa. A daren 3 ga Yuni 2015 ya yi ambaliya, gobara ta tashi a gidan mai da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda muke kira Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Mu masu jin Hausa ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin kakanninmu da suka zauna a bakin Korle sun kira wurin Fadama, kuma kowa ya san fadama wurin kwanciyar ruwa ce. Harshenmu ya faɗi gaskiyar ƙasar tun kafin a zo da taswira.

Ƙa'ida kuwa akwai ta. Hukumar kula da albarkatun ruwa da aka kafa da dokar 1996 ta fitar da tsari a 2011, wanda ya ce a bar tazarar mita 10 zuwa 60 a gefen manyan koguna, da mita 60 zuwa 90 a gefen tafkunan da gari ke sha. Babban gini kuma yana buƙatar izinin hukumar kare muhalli bayan an auna illarsa. Sai dai sau da yawa ana yanka fili a sayar, a zuba harsashi, a ɗora rufi, kafin wani jami'i ya zo ya rubuta a bango da jan fenti cewa a dakatar da aiki. A lokacin an riga an yi ɓarnar, kuma wanda za a rushe wa gida shi ne talakan da ya tara kuɗinsa sidi-sidi, ba wanda ya karɓe su ba. Amma ba na son mu fake a nan. Mu ma muna saye, muna kuma gani da idonmu inda turaku suka tsaya.

A hanyarmu ta dawowa na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma wannan fili na ruwa ne, kuma masan da za ka haƙa a nan zai komo maka a famfo." Bai amsa ba sai da muka wuce mahaɗar Mallam, sannan ya ce zai nemi dillalin ya kawo takardar izinin gini da ta hukumar muhalli kafin ya ba da ko kwabo. Har yau ba a kawo takardun ba, kuma yayana yana nan a ɗakinsa biyu yana neman fili a tudu. Da na sake bi ta wurin bayan saukar ruwan Yuni, an riga an sare itatuwan gaɓar, kuma ruwan da ke gangarowa daga fulotan zuwa kogi ja ne wur.