Reza da zare da leda

Jiya ina gyaran ɗaki na ci karo da ledar kayan haihuwar nan da aka ba ƙanwar maigidana a Mora, nan Arewacin Kamaru, wallahi sai da na zauna. Ita dai daga wani ƙauye ta gudo can gefen Kolofata, lokacin da 'yan Boko Haram suka matsa wa yankinmu na Mayo-Sava, cikinta wata takwas, da ƙafa ta taho, ba ta taɓa zuwa awo ba ko sau ɗaya.

Ranar da masu agaji suka yi rabo na raka ta. Mu duk shinkafa da mai muka sa rai, sai ga wata 'yar leda, ciki sabulu ne, da sabuwar reza, da zaren ɗaure cibiya, da safar hannu, da ledar shimfiɗa. Wata tsohuwa a layi ta ce yanzu wannan ne taimakon? Har da ni a masu dariya, Allah ya yafe min.

To naƙuda ba ta san dokar hana fita ba. Cikin dare ta taso mata, lokacin kuma an hana moto yawo da dare, ko maƙwabcinka ne ba zai tada mashin ba don kowa na tsoron a ɗauke shi ɗan ƙunar baƙin wake, ga ba wuta, ga Marwa kusan kilomita 60, asibitin cikin gari ma sai gari ya waye. Ungozomar unguwa muka kira, da tocilan waya aka karɓi haihuwar nan. Ta wanke hannu da sabulun, ta yanke cibiya da rezar da ba a taɓa amfani da ita ba, ta ɗora yaron a ƙirjin uwarsa ta rufe su da zane, ta ce kar wanda ya yi masa wanka yau. Inna ta so a sa toka a cibiyar, ungozoma ta ce Inna ki yi haƙuri, ta nan cuta ke shiga jariri.

Abin da ya fi ba ni tsoro jini ne. Zubar jini bayan haihuwa shi ke kan gaba wajen kashe masu jego, allurar da ke tsayar da shi kuma tana son firij, ina firij a wajen wanda ya kwana a daji? Ita Allah ya taƙaita, jinin ya tsaya da kansa. Da jijjiga ce ko yaro ya zo a gicciye, ledar nan ba abin da za ta yi mana.

Akwai Chèque Santé, takardar kula da masu ciki, sefa 6,000 kawai mace ta saya, ya ɗauke mata awo da haihuwa har tiyata, da kula da ita da jaririn zuwa kwana 42, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Tsari ne mai kyau, ban raina ba. Amma wadda ta baro gida da zane ɗaya ina ta ga dubu shida, kuma takarda ba ta ɗaukar mutum ta kai shi asibiti da ƙarfe biyun dare. Na cikin sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, wanda aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, gara su, suna da wurin haihuwa a ciki. Waɗanda ke raɓe a gidajen dangi irin namu su ake yawan mantawa.

Yaron dai ya shiga makaranta, fitinanne ne na ƙarshe. Har yau muna fama da neman takardar haihuwarsa, tunda a tsakar ɗaki aka haife shi ba wanda ya rubuta komai.