Abin da idon bakanike ya gani a Monako

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina kanikanci a Damagaram. Garejina yana bakin hanyar Tanut, inda tankokin mai na matatar SORAZ ke wucewa dare da rana. Da wannan idon na je Monako, idon mutumin da hannunsa bai rabuwa da baƙin mai.

Ɗan yayata ne ya ja ni. A hannuna ya koyi riƙe sufana tun yana ɗan shekara goma sha biyu, yanzu kuma yana aiki a wani gareji a birnin Nis, kudancin Faransa. Kullum muka yi waya sai ya ce, "Kawu, sai ka zo ka ga inda ake canza taya huɗu kafin ka gama salati." A watan Mayun 2023 Allah ya nufa. Bas zuwa Yamai, kusan kilomita 900, jirgin sama zuwa Paris, sai jirgin ƙasa har Nis.

Monako ƙasa ce mai cin gashin kanta, amma duk faɗinta murabba'in kilomita biyu ne da 'yan kai, mutanenta ba su cika dubu arba'in ba. Teku a gabanta, duwatsu a bayanta, Faransa ta kewaye ta. Fadar Yarima Albert na biyu tana bisa wani ƙaton dutse, gidansu na Grimaldi kuwa tun 1297 suka kama wurin. Da na ɗaga kai na ga fada a kan dutse da tsofaffin lunguna kewaye da ita, Birni, tsohuwar unguwar fadar Damagaram, ce ta faɗo mani a rai. Amma kamannin a nan suka tsaya. Sauran duk benaye ne a kan benaye, don babu filin da za a faɗaɗa sai dai a hau sama ko a cike teku.

Tseren motoci na Formula 1 ne ya kawo mu, amma ba su da filin tsere. A titunan garin ake yi, tun 1929 da wani mutumin garin mai suna Antony Noghès ya ƙirƙiro abin. Zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne, a yi shi sau 78. Ranar Asabar ba mu da tikiti, sai muka kalli gwajin neman layin farko a talabijin ɗin wani ɗan shagon shayi a Nis. A nan motar Sergio Pérez ta daki shinge a kwanar farko, Sainte-Dévote, aka sa ƙugiya aka ɗaga ta sama har ana ganin ƙarƙashinta. Mutanen shagon suna ta ihu, ni kuma na matsa jikin talabijin ina kallon cikin motar nan. Duk ramuka ne da lanƙwasa da aka tsara don iska ta danne motar a ƙasa. Yaron ya ce mani injiniyoyin sauran kamfanoni ma abin da suka zuba wa ido ke nan.

Da yamma ake buɗe titin wa jama'a, sai muka shiga jirgi muka je muka taka shi da ƙafa. Abin da na fi so a duk tafiyar ke nan. Na durƙusa na shafa kwalta, baƙin robar taya ya manne mata kamar an shafa da gangan. Murafen magudanar ruwa duk an liƙe su, saboda iskar da ke ƙarƙashin motar tana iya fizge murfin ƙarfe ta yi jifa da shi. Na bi shingen ƙarfen nan ina taɓa notuna ɗaya bayan ɗaya, na yi tafiya mai nisa ban samu ko guda da ya yi sako-sako ba. Kusan mako shida ake ɗauka ana kafa shingayen da wuraren zaman 'yan kallo, a kwashe su cikin kamar mako uku, baɗi a sake. Wani ne ya ɗaure kowane notin nan, kuma ya san in ya yi ganganci ran mutum ne. Na tsaya na yi wa mutumin addu'a duk da ban san shi ba.

Akwai wata kwana a gaban otal ɗin Fairmont, ta naɗe kamar ƙugiyar rataye nama. Ita ce wurin da motocin Formula 1 suka fi rage gudu a duk shekara, kilomita hamsin a awa ko ƙasa da haka, gudun da ɗan kabu-kabu ke yi a gaban Kasuwar Dole. Sai an gyara sitiyarin motar musamman don wannan kwanar, in ba haka ba ba za ta juyu ba. Daga nan a gangara a shiga ramin da ke ƙarƙashin otal ɗin, a fito cikin hasken rana da gudun da ya haura kilomita 250. Na tsaya a bakin ramin ina auna faɗin titin da ido. Wallahi titin gaban garejina ya fi wasu wuraren faɗi. A nan shahararren direba Ayrton Senna ya ci tseren sau shida.

Daga bakin ramin muka sauka tashar jiragen ruwa, Port Hercule. Jiragen shaƙatawa na attajirai ne jere, farare tas, wani ya kai benen hawa huɗu. A jikin wani na ga saurayi baƙar fata cikin farin gajeren wando, ƙafarsa ba takalmi, yana wanke katakon jirgin da mesa. Ruwan daɗi ne, na sha, yake kwarara yana gangarawa cikin teku, a kan katakon da ni ban ga ƙura ko ɗaya a jikinsa ba. Da safiyar ranar mai ɗakina ta faɗa mani a waya cewa kwana huɗu ke nan famfo bai kawo ba, yara sun fita da jarkoki tun asuba, 'yan ga-ruwa kuma sun ƙara kuɗi. Duk ɗan Damagaram ya san watan Mayu. Na daɗe a tsaye ina kallon ruwan nan har yaron ya taɓa kafaɗata ya ce, "Kawu, mu tafi." Ban ji haushin saurayin ba, aikinsa yake yi, kuma da kyau yake yin sa. Amma ƙirjina ya yi nauyi, har yau in na tuna sai ya yi. Ƙaramar gorar ruwan da muka saya a wurin yuro biyar ce, jika uku da wani abu a kuɗinmu.

Ranar Lahadi 28 ga wata muka kama jirgin sassafe. Minti ashirin da 'yan kai ne daga Nis, tashar Monako kuma a cikin dutse aka haƙa ta. Jirgin ya cika da 'yan kallo masu jajayen rigunan Ferrari, amma a tsakaninsu akwai wasu da ba su ɗaga tuta ba, jakar kayan aiki ce a cinyarsu, wasu na gyangyaɗi. Yaron ya gaisa da wata 'yar Senegal mai gyaran ɗakuna a otal, da wani dattijo ɗan Tunisiya mai wanke-wanke. Dubun-dubatar ma'aikata ne ke shigowa kullum daga Faransa da Italiya su koma da dare, don hayar garin ta fi ƙarfinsu. Masu kuɗin duniya kuwa suna tarewa can ne saboda ba a karɓar harajin kuɗin shiga. Akwai gidan cacar Monte Karlo da ake zuwa daga ko'ina, amma doka ta hana 'yan ƙasar su yi caca a ciki.

Tikitinmu na masu ƙaramin ƙarfi ne, a gangaren dutsen da ke ƙarƙashin fada. Babu kujera, ƙasa ce da itatuwa, kowa ya kafa ƙafarsa kada ya zame. A nan na shimfiɗa kwali na haɗa azahar da la'asar, wani Ba'italiye ya janye jakarsa ya ba ni wuri. Ƙarfe uku aka tashi. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har cikin haƙarƙari ake jin ta, alhali injin lita 1.6 ne kacal, bai kai na Hilux ɗin da nake kwancewa kullum ba.

Gaskiya tseren kansa ba a cika wuce juna ba, titin ya yi ƙunci. Max Verstappen ne a gaba, Fernando Alonso na bin sa, haka aka yi ta zagayawa. Ni dai madubin hangen nesa na kafa a wurin canza taya. Mutum wajen ashirin ga mota ɗaya, uku a kowace taya: mai kwance noti, mai cirewa, mai sakawa, ga masu jak gaba da baya. Noti ɗaya ne tak a tsakiyar kowace taya. Daƙiƙa biyu zuwa uku, mota ta tashi. Babu mai magana, babu mai neman sufana, babu wanda ya taka ƙafar wani.

Bayan an wuce zagaye na hamsin sai hadari ya sauko daga kan duwatsu. Alonso ya shiga aka sa masa tayar busasshen titi, ruwa ya ƙaru, dole ya sake komawa a zagaye na gaba aka sa masa mai zane ta ruwa. Verstappen ya daure a kan tsohuwar tayarsa har yana gogar shinge, ya shiga sau ɗaya. Shi ya ci, Alonso na biyu, Esteban Ocon na uku. Muna jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, ina kallon masu kaya ruwan lemo da ke bakin titi riƙe da tutoci cikin ruwan. Yaron ya ce mani 'yan sa-kai ne. Charles Leclerc, ɗan garin da kowa ke kiran sunansa, na shida ya zo.

Da na dawo na samu allon katako na kafa a bangon gareji, na zana siffar kowace sufana da fenti a inda za a rataye ta. Yarana sun yi ta gunaguni mako biyu, daga baya suka saba. Yanzu in an ɗaure taya, sai wani daban ya bi notunan kafin mota ta fita.

Da shekara ta zagayo, ranar 26 ga Mayun 2024, muka taru mu bakwai a ƙarƙashin rumfar gareji muna kallo a wayar babban yarona, an jingina ta da gwangwanin giris. Leclerc ya ci, ɗan Monako na farko tun Louis Chiron a 1931. Ina nuna masu kwanar Fairmont da gangaren da na yi salla, sai ga kiran ɗan yayata daga Nis, muryarsa ta dushe don ihu. "Kawu, kana gani?" Na ce ina gani, ɗana. Muna cikin magana ƙaramin yaron ya leƙo ya ce famfon maƙwabta ya kawo, sai muka bar wayar a wurin kowa ya ɗauki jarka biyu.