Jirgin sama ne ko na ruwa?

Jiya da daddare ina kallon bidiyon tsibiran Maldives a waya, sai ga wani ƙaramin jirgi ya sauko daga sama ya dira a kan teku, ruwa na fallatsa. Ƙafafunsa kamar kwale-kwale biyu. Autata ta leƙo ta ce, "Baba, wannan jirgin sama ne ko jirgin ruwa?"

Wallahi na yi shiru. Muna da jirgi mai saukar ungulu, da mara matuƙi, da na yaƙi, amma wannan fa, me ake ce masa da Hausa? Alhali tun 1910 wani injiniya mai suna Henri Fabre ya tashi da irinsa a Faransa.

Na ce mata jirgi mai saukar agwagwa ne. Uwarta har da tuntsirewa da dariya.