Abin da ya hana babur ɗina mai bel hawan tudu yana fulin baya

Duk wanda ka kai wa kukan ƙaramin babur mai bel ya kasa hawa, amsarsa ɗaya ce: rage nauyin rola. Ni ma ita aka ba ni, kuma har yau in na tuna kuɗin rola da na bel da wannan shawara ta ci mini sai raina ya sosu, domin ciwon yana can fulin baya, inda ba wanda ya ce a duba.

Nawa mai inji 139QMB ne, ɗan gidan GY6, cc 49, totur da birki kawai. Roba-roba mai sarƙa gyaransa dabam ne, ba shi nake magana a kai ba. Ƙarfin wannan inji bai wuce doki uku ba, ga shi a Jos muke, kimanin mita 1,200 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, sai ya ƙara rasa wajen kashi ɗaya cikin goma. Inji irin wannan ba shi da rarar ƙarfin da zai ɓoye laifin bel ko fuli. Alamar da yake yi mini ita ce: a miƙaƙƙiyar hanya lafiya ƙalau, da an fara hawa sai muryarsa ta yi ƙasa, gudu ya yi ta raguwa, totur yana maƙure amma kamar ana jan sa ta baya.

Rola shida ne a bariyeta, wato fulin gaba, girmansu 16 da 13 a milimita. Na sauko daga giram 7 zuwa 6, tashi ya ɗan yi kyau, hawa yana nan yadda yake. Da aka kai giram 5 sai ihu kawai, injin ya wuce inda ƙarfinsa yake, wato wajen juyi 7,500 a minti, gudun ƙarshe ya ragu, mai ya ƙaru, tudu kuma bai san ana yi ba. Daga nan aka ce babban sifirin da ke matse fulin baya ne ya yi laushi, aka sa mini ja, mai lamba 2000. Wannan ya matse bel da ƙarfin da ɗan injin ba ya buƙata, murfin bel ɗin ya riƙa zafin da hannu ba ya iya taɓawa, sabon bel ya cinye gefe cikin ɗan lokaci.

Rola dai aikinsu tura bel sama a fulin gaba yayin da inji ke ƙara juyi. Su ke yanke juyin da inji zai tsaya a kai yana ja. Amma mayar da bel ƙaramar giya idan nauyi ya ƙaru a tayar baya, wannan aikin fulin baya ne. Rabinsa ɗaya yana zamewa a kan ɗayan, yana da tsagi uku a karkace, kowane da ɗan fin a ciki. Idan tudu ya riƙe taya, karkatar tsagin nan ce ke murɗa rabin fulin ya rufe, bel ya hau bakinsa, inji ya samu sauƙi ya ɗaga murya. In wannan zamewa ta tsaya, ko rolar auduga ka sa babur zai shiga hawa da babbar giya.

Ranar da na buɗe nawa, da hannu biyu na kama rabin fulin na murɗa, ya ƙi motsi sai da na jijjiga. Ƙarƙashin hular da sifirin ke zama a kai, giris ya haɗu da ƙurar hunturu da garin bel ya zama baƙin abu mai tauri kamar busasshen kwalta. Zoben roba ɗaya ya tsinke. Tsagi biyu kuwa fin ya ci musu ɗan rami daidai inda yake zama a gudun yau da kullum, kana bin wurin da farce za ka ji ya faɗa. A wannan rami fin ke maƙalewa. Duk buɗe murfin da aka yi ta yi ana sauya rola, wannan wuri yana nan kusa da hannu, ba a taɓa shi ba.

Buɗe shi yana son kula. Bayan notin kwanon kuloci mai cin sifana lamba 17, akwai babban siririn noti mai lamba 39, kuma sifirin yana danne a ƙarƙashinsa. Ka sassauta shi kaɗan, ka aje fulin a ƙasa, ka taka kulocin da ƙafa biyu, sannan ka ƙarasa kwancewa da hannu ka ɗaga ƙafa a hankali. Kada ka yarda a buga notin nan da guduma da kurfi, siriri ne, bakinsa na lalacewa nan da nan. Ka zare hular, ka ciro fin ukun, ka wanke komai da fetur ya bushe. Idan tsagi ya yi rami, sabon rabin fuli za ka saya, gogewa da samfefa faɗaɗa shi kawai take yi. Zoben roba biyu da sil biyu duk a sabunta. Giris mai jure zafi, kamar cokalin shayi ɗaya, a cikin tsagi da inda ƙarfe ke zamewa kawai. In ya yi yawa zai fantsamo kan bel da takalman kuloci, kuma bel mai maiƙo ba ya gyaruwa.

Bel ma ka auna faɗinsa, kada ka tsaya duban ko ya tsage. Na gajeren murfi mai taya inci 10 lambarsa 669-18-30, tsawo da faɗi da kusurwa ke nan. Na dogon murfi 729 ne. Da wannan kusurwa, duk milimita ɗaya da ya ci a faɗi tana nutsar da shi kusan milimita biyu cikin fulin baya, ka ga tun daga tashi ya rasa ƙaramar giyarsa. Sabon bel daidai lamba, da bakin fulin baya yake zama daidai.

Bayan fulin baya ya saki, sai kowane gwajin rola ya fara ba da amsa mai ma'ana. Na mayar da sifirin mai lamba 1000, na zauna a giram 6. Ɗan agogon juyi da ake naɗa wayarsa a wayar fulogi ya nuna injin yana riƙe da wajen 7,000 zuwa 7,500 tun daga gindin hawa har ƙarshensa, ko da goyo. Mai son rabin giram zai iya haɗa uku na 6 da uku na 5, amma a jera su ɗaya bayan ɗaya, kar masu nauyi su taru gefe guda. Rola a bushe ake sa su a wannan bariyeta, kuma duk wanda ya yi fale a gefe ko ya sauko ƙasa da milimita 15.4 a jefar.

Ƙananan sifirin uku na kuloci na bar su yadda kamfani ya sa. Masu tauri suna jinkirta kamawa, a hawan da ake bi a hankali kuwa sai takalma su yi ta gogar kwano har ya yi shuɗi.

Wajen mayarwa, ka matse fulin baya da hannu bel ya nutse ciki kafin ka ɗaure notin gaba, in ba haka ba fankar fulin gaba za ta danne bel, noti ya yi kamar ya ɗauru, ya kwance a hanya ya cinye haƙoran sandar inji. Ka ja layi da alƙalamin maka daga tsakiyar fuskar bariyeta zuwa bakinta, ka yi gudu, ka buɗe: inda layin ya goge nan bel ya kai. Nawa yanzu yana barin kamar milimita biyu a baki. Fulin baya kuwa duk ƙarshen hunturu nake buɗe shi in wanke in sa sabon giris, ko ya nuna alama ko bai nuna ba.