Yadda Kalmar Albarka Ta Zama Sunan Biri

A cikin abin da muka karanta na tarihin kalmomi a jami'a, babu wanda ya zauna mini a rai kamar sunan da Turkawa ke kiran biri da shi, wato maymun. Farisawa ma haka suke cewa. Kalmar Larabci ce, maimun, mai albarka, mai sa'a, kuma tushenta ɗaya da yamin, hannun dama. Ita ce takwarar Maimuna, sunan da muke raɗa wa 'ya'yanmu mata don darajar Nana Maimuna bintul Haris, matar Manzon Allah (SAW). Ainihin sunan biri a Larabci kuwa ƙirdu ne, shi ne ma ya zo a Alƙur'ani.

To me ya haɗa albarka da biri? Bayanin da masana suka fi kawowa shi ne camfi. Mutanen zamanin da sun ɗauki ganin biri a matsayin rashin sa'a, sai suka guji ambaton sunansa, suka laƙaba masa kishiyar abin da suke tsoro. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, tunda mu ma idan dare ya yi akan ce igiyar ƙasa don kada a kira maciji da sunansa. Yau da gobe laƙabin ya zama suna, har aka manta dalilin.

Daga nan kalmar ta yi tafiya. A ƙasashen da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta mulka, Sabiyawa da Albaniyawa suna cewa majmun, Girkawa suna cewa maimu. Masana da dama kuma suna danganta kalmar Sifaniyanci mona, wato macen biri, da wannan tushe.

Abin da na ɗauka a nan, kuma nake aiki da shi kullum, shi ne a fara tambayar wace ma'ana ce ta riga wata, kuma ta wace hanya kalma ta bi. Raina yakan ɓaci idan na ga an tsinto kalma a wani harshe ana yaɗawa a intanet cewa sunan wance yana nufin abu kaza, ana sa iyaye cikin damuwa ba gaira ba dalili. Ma'anar albarka ce ta asali, ta biri daga baya ta zo, kuma ba ta kori ta farko ba. Maza ma sun ci sunan: shahararren likita kuma malamin Yahudawa ɗan birnin Ƙurɗuba na ƙasar Sifaniya, wanda ya rasu a Masar a 1204, Musa bin Maimun ake kiransa.