Mujiyar katako ta Natungram

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san yadda ake ƙyamar kukan mujiya. Shi ya sa na daɗe ina tsaye a ƙauyen Natungram, a gundumar Purba Bardhaman ta jihar Bengal ta Yamma a Indiya, ina kallon mujiyoyin katako jere a ƙofar gidaje, an shanya su a rana. A addinin Hindu, mujiya ce abin hawan abar bautarsu Lakshmi, wadda suke danganta wa arziki, don haka mutum zai saya ya ajiye a ɗaki yana fatan wadata.

Masu aikin 'yan Sutradhar ne, massassaƙa tun kaka da kakanni. Maza ke sassaƙa, daga guntun ice guda, na mangwaro ko gamhar ko shimul, ɗan'uwan rimi. Mata ke yin fenti. A nan ne hankalina ya tsaya. Sai an shafe katakon da fari tukuna, sannan ja da kore da rawaya su hau, a zagaye idanu da baƙi. Matar da na zauna kusa da ita ko zanen gwaji ba ta yi, hannu kawai take ja, layi ya fito sak.

Abin da ya dame ni shi ne arahar da ake sayar da su, ga wahalar da ke ciki. Kayan wasan roba sun cinye kasuwa, har wasu sun koma haɗa mujiyoyin a jikin kujeru da tebura don su samu ciniki a birnin Kolkata.